Jirgin Kuza a Kan Teburin Ƙungiya



A taro mai zuwa za a yanke shawara kan ɗakin baya na ofishin ƙungiya: ko a bayar da shi haya a mai da shi shago, ko a bar wa yara shi da ƙaton teburin nan da ya cinye rabinsa. Masu son a ba da haya suna da hujja, domin asusunmu kowa ya san halin da yake ciki. Ni ina cikin masu roƙon a ɗaga mana ƙafa wata shida, kuma ban ɓoye ba. Amma da yawa daga cikin waɗanda za su ɗaga hannu a ranar ba su taɓa leƙa ɗakin ba, shi ya sa na ga gara in rubuta abin da ke ciki, kowa ya karanta a natse. Zancen kuɗi gajere ne: ko kwabo ba a taɓa daga asusu ba, ma'aji shaida ne. Zancen teburin shi ne mai tsawo.

Abin da ke kansa kwaikwayo ne na wani ɗan yanki na tsohon layin dogon da ya taɓa haɗa Zariya da Jos. Turawa sun sa masa suna Bauchi Light Railway, duk da bai taɓa shiga garin Bauchi ba; a lokacin Jos tana cikin lardin Bauchi ne, sunan ya samo asali daga nan. Saboda kuza aka shimfiɗa shi. Kafin zuwansa a ka ake ɗaukar kuzar, 'yan dako su yi kwana da kwanaki suna tafiya har Loko a bakin Binuwai, inda ake loda ta a jirgin ruwa. Layin ya tashi daga Zariya ya isa Rahama a 1912, ya bi ta Jengre ya hau dutse ya shigo Jos, ya ƙare a Bukuru a 1914. Tsawonsa mil 143. Siriri ne ƙwarai, tsakanin ƙarfe da ƙarfe ƙafa biyu da rabi kacal. A 1927 babban layi mai faɗin ƙafa uku da rabi ya iso daga Kafanchan ya kwashe mafi yawan kaya, ƙaramin ya ci gaba da lallaɓawa har 1957 aka rufe shi. Ta arewa yake shigowa gari, wato ta wannan ɓangaren namu. Amma ka tambayi ɗan shekara 12 a Farin Gada me ya sa ake ce wa tsakiyar gari Taminus, zai ce maka ai sunan kasuwa ne.

Farkon abin, wani ɗan ƙungiya mai sayar da gwanjo a Katako ne ya tsinci jirgin wasa a cikin kwalin kayan yara: kai ɗaya, taragu huɗu, da guntayen layi masu yawa, irin wanda wuta ke bi ta cikin ƙarafunan layin ta juya ɗan injin da ke cikin kan jirgin. Ya san ni da son ƙere-ƙere tun muna yara muna yin motar kara, sai ya kawo mini. Mai gyaran rediyon layinmu ya wanke injin ya haɗa shi da batirin mota, tunda masu wuta ba abin dogaro ba ne. Ranar da ya fara zagayawa a kan siminti, yaran da ke zuwa darasin yamma su 14 suka manta da littattafansu. Kafin a tashi, wannan ya ce a gina masa bene mai hawa ashirin a gefen layi, wancan ya ce a sa ƙanƙara kamar yadda ya gani a waya, wani ma zaki yake so. A nan muka kafa doka guda ɗaya, wadda har yau ita ke mulkin teburin: ba a ɗora komai sai abin da wani ya gani da idonsa, ko muka auna da hannunmu, ko dattijon da ya gani ya shaida. Gani ya kori ji. Ban san dokar za ta jawo mana gardama irin wadda ta jawo ba.

Awo muka fara yi. Muka cika Keke Napep uku muka tafi gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, inda ake ajiye da kawunan wannan jirgi da wasu taragunsa. Ma'aikatan suka ba mu izini, yara suka ja tef. Tsakanin ƙafafun jirgin santimita 76 ne. Namu layin na gwanjo kuwa milimita 16 da rabi. In ka raba, za ka ga kowane abu sai an ƙanƙanta shi wajen sau 46. Masu wannan sana'a a Amurka sukan ɗauki 48 idan suna kwaikwayon siririn layi irin wannan a kan ƙarafuna irin namu, mu ma muka bi su, musamman da kafintanmu ya gano cewa a wannan ma'auni rubu'in inci ɗaya shi ne ƙafa ɗaya, ba ya buƙatar kalkuleta. Mutum mai matsakaicin tsayi ya zama santimita uku da rabi, ƙofar ɗaki santimita huɗu. Muka cire gangar jikin jirgin gwanjon muka bar ƙafafu da inji, yaran suka ƙera masa sabon jiki da gwangwanin madara da kwali, mai dogon bututun hayaƙi kamar wanda suka gani.

Lissafin nan ya kashe wa wasu gwiwa. Idan za a yi layin gaba ɗaya daga Zariya zuwa Bukuru, sai an sami tebur mai tsawon kusan kilomita 5. Jos ta fi Zariya tudu da fiye da mita 500, wato ko an ƙanƙanta sai jirginmu ya hau sama da mita 10, tsayin bene mai hawa uku. Mu kuwa fallen filawud biyu gare mu, kowanne ƙafa takwas da huɗu. Ga shi ƙarfe a kan ƙarfe santsi gare shi: da muka jingina layin a kan littattafai muka gwada, in hawan ya wuce santimita 2 zuwa 3 a kowace mita, sai ƙafafun kan jirgin su yi ta juyawa a wuri ɗaya, taragu su ja shi baya. Duk zagayen teburin bai ba mu hawan da ya wuce santimita 10 ba. Dabarar da ta fisshe mu ita ce, maimakon a ɗaga layi, a saukar da ƙasa. Muka dasa layin gaba ɗaya a kan guntayen katako, taƙi guda sama da teburin, sannan muka bar kwari a ƙarƙashinsa. Daga nan ne aikin gada ya zama dole, domin mun haƙa wa kanmu rafi mai faɗin santimita 40, wanda a gaske ya kai mita 19.

Bari in ɗan ratse. Abokanmu na Kano sun daɗe suna tsokanarmu cewa ko sunan unguwarmu ba mu iya faɗa ba, wai gada mace ce, Farar Gada ya kamata a ce. Mun ji, amma ba za mu canza ba. Abin da ban sani ba sai da wannan aiki ya sa ni bincike shi ne, kalmar gada kanta baƙuwa ce. Masana harshe sun ce daga Turanci aka aro ta, daga sunan miƙaƙƙen ƙarfen nan da ake gindayawa tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi. Kakanninmu kadarko suke cewa. Ke nan kalmar ta shigo bakinmu ne tare da ƙarfen da Turawa suka zo da shi.

Na raba yaran gida uku, na ba kowane rukuni tsinken tsire, da kara, da zare, da gam ɗin kafinta daidai wa daida, na ce su tsallaka santimita 40 ba tare da dirka a tsakiya ba. Gwajin kuwa da fiya wata za a yi, tunda kowace leda rabin kilo ce: a rataya bokiti a tsakiyar gadar a yi ta jefawa ana ƙirgawa. Rukunin farko suka jera kara suka ɗaure kamar asabari. Kyakkyawa ce, a leda ta uku ta lanƙwashe ta zube. Na biyu suka yi tsani biyu da tsinke, suka tsayar da su gefe da gefe, gida-gida masu kusurwa huɗu. Ta ɗauki leda bakwai, sannan gidajen suka karkace gaba ɗaya kamar tsohuwar rumfa. Rukuni na uku 'yan mata ne huɗu, babbarsu shekararta 13, mahaifiyarta na sayar da kabeji a kasuwar gwari. Ita ma tsani biyu ta yi, sai dai a cikin kowane gida ta gicciya tsinke daga kusurwa zuwa kusurwa. Muka yi ta jefa leda har ashirin da biyu, bokiti ya cika, gadar ko ƙara ba ta yi ba. Na tambaye ta wa ya koya mata. Ta ce, “Kawu, ai haka rufin rumfunan kasuwa yake, kullum ina kallonsa in ina jiran Mama.”

Dalilin ba boyayye ba ne. Gida mai kusurwa huɗu yana iya karkacewa ba tare da ko tsinke ɗaya ya gajarta ko ya tsawaita ba, mahaɗansa kawai ke juyawa. Alwatika kuwa ba ta canza siffa sai an karya ɗaya daga cikin ɓangarorinta uku. Idan nauyi ya hau, tsinken sama matse shi ake yi, na ƙasa kuma ja, na gicciye su raba aikin. Na nuna musu da rula: ka kwantar da ita a kan bulo biyu ka danna, ta lanƙwashe, ka tsayar da ita a kan gefenta, sai ka gaji. Katako ɗaya ne, tsayuwar ce ta bambanta. Wanda ya taɓa tsallaka Binuwai a Makurdi ya ga tsohuwar gadar jirgi da aka buɗe a 1932, alwatika ce a kan alwatika tun daga wannan gaɓa har waccan.

Sai dai gadar da ta ci gasar ba ita ce a kan teburin ba, kuma wannan ne abin da ya fi ci mini rai a duk aikin.

Akwai dattijonmu, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar nan, ya haura tamanin. Yana yaro ya sha bin mahaifinsa a wannan jirgi zuwa Dutsen Wai da Soba. Shi ke ba mu labarin yadda ake fita da sassafe a isa da dare, da yadda in an zo hawan dutse samari kan sauka su taka a gefensa, ko da yake wannan na ƙarshe in yana faɗa yakan ɗan yi murmushi. Da aka kawo masa gadar 'yan matan, ya juya ta, ya yaba, sannan ya ce, “Sakatare, aikin ya yi kyau, amma ni ban tuna da irin wannan mai raga-raga a hanyar Zariya ba. Waɗanda na sani, ƙarfe ne miƙaƙƙe a kan ginshiƙan dutse.” Na ce, “Baba, ko an manta ne?” Ya ce zai yiwu, shi ya sa ba shi kaɗai za a tambaya ba. Yana da aboki tun na ƙuruciya, Kirista, wanda mahaifinsa helman leburori ne a reluwe, a gidajen ma'aikatan jirgi ya tashi. Da maƙwabta suke, bayan rikicin 2001 ya tashi ya koma can ɗaya gefen gari. Baba ya kira shi a waya a gabanmu, suka yi kusan minti ashirin, rabi tsokana rabi tambayar waɗanda suka rasu. Bayan kwana biyu jikansa ya kawo takarda a Keke, ya miƙa a bakin ƙofa ya juya. Zane ne da biro, hannu na rawa: ginshiƙi ɗaya a tsakiya, ƙarfe biyu miƙaƙƙu, katakai a jere a kai, babu abin dafawa. Daidai da abin da Baba ya faɗa. Shi kansa tsohon bai zo ba tukuna. Ya ce a aika masa hoto in an gama.

Shaidu biyu sun haɗu, doka kuma mu muka kafa ta. Na gaya wa yarinyar cewa gadarta ba za ta hau ba. Ta ce, “Kawu, tawa ce ta fi ƙarfi.” Na ce haka ne. Ta ce, “To me ya sa za a sa wadda ba ta kai ta ba?” Na ce domin teburin ba na abin da ya fi kyau ba ne, na abin da ya kasance ne. Ba ta gamsu ba, ta yi sati biyu ba ta zo ba. Cikin manya ma akwai waɗanda suka ce na tsaurara, wai wa zai zo daga 1950 ya kama mu da laifi? Ni dai ina kan bakana. Idan aka sassauta wa gada yau saboda ta yi kyau, gobe da wane baki zan hana mai bene da mai zaki? Da ta dawo, ita na ba aikin sabuwar gadar, kuma ita ta gano cewa in aka manna siraran kwali a sama da ƙasan fallen da ke tsaye, ya zama kamar ƙarfen da magina ke sawa a kan ƙofar shago, ƙarfinsa ya ninka. Tata ta farko tana kan kabad, na rubuta mata “irin ta Makurdi” a jiki.

Ginshiƙin tsakiyar nan shi ya kai mu ga darasin da ban shirya ba. Kafin mu dasa shi, sai muka cika babban faranti da yashi, muka kafa guntun katako a tsakiya, muka karkata farantin muka riƙa kwarara ruwa da buta. Kowa ya zaci ruwan ture katakon zai yi. Ba haka ya yi ba. A gindinsa ya riƙa juyawa yana kwashe yashi ta gaba, ya haƙa rami, katakon ya sunkuya da kansa ya faɗa ciki. Shi ya sa ake kai harsashin ginshiƙi har kan fā, ake kuma fiƙe gabansa kamar hancin kwalekwale. Daga nan wani yaro ya yayyaga leda ya cusa a ƙarƙashin gadar gwajin, don wasa. Muka sake zuba ruwa. Ya taru a baya, ya kumbura, ya bar hanyarsa ya zagaya ta gefe, ya cinye gaɓar da gadar ke zaune a kai, ya share 'yan akwatunan ashanar da muka jera a matsayin gidaje. Yara suka yi ta dariya. Mai gyaran rediyon bai yi ba. A Gangare yake zaune a watan Yulin 2012, a kwanakin farko na azumi, daren da ruwa ya shafe gidaje a Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo aka rasa rayuka da dama. Ya ce musu, “Haka ya yi. Ba ta ƙofa ya shigo ba, ta bayan ɗaki ya zo.” Dariya ta tsaya.

Ban ce tebur zai kwashe shara ba. Amma washegari uku daga cikinsu sun je sun leƙa ƙarƙashin kwalbatin da ke kusa da kasuwa, suka dawo suka ce mini rabin bakinsa a toshe yake da leda da ruɓaɓɓen ganye. Shekara nawa muna wucewa ta kansa? Na sa maganar a ajandar kwamitin tsafta.

Aikin ƙasa da duwatsu ya fi sauƙi, ya kuma fi ɓata kaya. Mun saƙa ƙashin tuddai da yankakken kwali, muka lulluɓe da takardar buhun siminti da aka tsoma a kokon rogo, ta bushe ta yi tauri kamar ƙwarya. Duwatsun Jos ba irin na zanen littafi ba ne masu tsini. Mulmulallu ne, ɗaya a kan ɗaya kamar wani ya jera su da gangan, wanda ya bi ta Riyom ya san abin da nake nufi. Gawayi muka goge a kan siminti har ya mulmule, muka shafa masa toka da gam. Ciyawa kuwa garin katako ne daga Katako, aka rina kashi uku, domin mun zaɓi watan Nuwamba, lokacin da kore ya fara juyawa ruwan ƙasa. Bishiyoyi wayar tagulla ce ta ƙonannen janareta, a murɗa ta zama gindi, a baza ta zama rassa, a manna mata soson tsohuwar katifa.

Ƙasar gaske muka yi amfani da ita, jar ƙasar nan tamu, amma sai da aka tankaɗe ta da rariya, aka soya ta a kasko don kashe ƙwari da irin ciyawa, sannan aka bi ta da maganaɗisun tsohuwar sifika. Ku zo ku ga baƙin garin ƙarfen da ya manne masa. Da an bar shi, injin jirgin ne zai zuƙe shi ya lalace. Wani ya kawo mana baƙin yashi mai ƙyalli daga inda ake wankin kuza, ya ce zai yi kyau a ƙarƙashin layi. Zai yi kyau kam, amma na mayar masa. Masu bincike sun daɗe da nuna cewa ragowar wankin kuzar Jos na ɗauke da ma'adinai masu fitar da tururin da ke cutar da jiki a hankali, ba abin da za a zuba a rufaffen ɗakin da yara ke wuni ba ne. Masu ɗebo shi suna yin shafe da daɓe a gidaje ma ya kamata su yi tambaya.

A kan launin ruwa aka yi rigima ta biyu. Duk yaran, ba a cire ko ɗaya ba, shuɗin fenti suka ɗauko. Na ce wa ya taɓa ganin shuɗin ruwa a garin nan? Suka ce ai haka ake zana kogi. Na tura su bakin Dilimi da kwalba. Suka dawo da ruwa mai kalar shayi da madara. Yanzu gindin rafinmu ruwan ƙasa ne, ya ɗan yi duhu a tsakiya inda ya fi zurfi, muna bin sa da banis shafi bayan shafi, kowane shafi sai ya kwana biyu.

Da aka zo kan gidaje da mutane, maganar ta bar hannun yara ta koma ta manya. Na farko, siffofi: wasu iyaye ba su so 'ya'yansu su ƙera mutum-mutumi ba. Ni ba malami ba ne, muka kai wa limaminmu, muka bi abin da ya ce. Mutanenmu ashana ce da ƙyalle, babu fuska. Na biyu, su wa za a sa? Baba ya lissafa abin da yake gani ta tagar tarago in an doso gari: ƙauyukan mutanen dutse kewaye da shingen ƙerana, da gonakin acca, rugar Fulani, barikin kuza inda leburori daga Kano da Katsina da Sakkwato da Barno suke, da ɗan masallacinsu na zana, tulin jar ƙasa da kududdufan da haƙa ya bari, kusa da tasha kuma gidajen ma'aikatan reluwe, yawancinsu mutanen kudu, da ƙaramar cocinsu mai rufin kwano. Wani ɗan uwa ya ja ni gefe ya ce me ya kawo coci teburin ƙungiyarmu. Na ce abin da ya hana gadar yarinyar nan hawa, shi ya hawar da cocin. Wani kuma so ya yi barikin Hausawa ya fi ƙauyen girma. Na ce ya kawo wanda ya gani. Ƙauyen Anaguta yana nan a gindin dutse inda Baba ya nuna, ƙeranarsa da tsinken tsintsiya aka yi ta, an tsoma a koren fenti. Yaranmu sun taso sun tarar da gari a rabe, unguwar su wane da unguwar su wane, har suna zaton haka Allah ya halicce shi. Ban yi musu wa'azi a kai ba. Su da kansu suka manna gidajen.

Tarago ɗaya Baba ya nace a bar shi buɗe, a cika shi da mutane. A 1942, da Japan ta ƙwace Malaya daga hannun Ingila, Turawa suka rasa babbar hanyarsu ta samun kuza, suka juyo kan Jos. Aka riƙa ɗebo mutane ala tilas daga lardunan Arewa ana kawo su haƙa, abin da aka kira diban gwamna, har zuwa 1944. Mutanen ƙasar zafi ne, aka kawo su tudun da sanyinsa ke fasa leɓe, babu bargo babu wadataccen abinci, da yawa ba su koma gida ba. Ƙanen mahaifin Baba na cikin waɗanda aka kawo, kuma dalilin zaman gidansu a Jos ke nan. Ya ce a yi musu riga da ƙyalle mafi shara-shara da aka samu. Haka aka yi.

Wani ya turo mini bidiyon wanda ke Hambug a Jamus, Miniatur Wunderland, da wasu 'yan uwa biyu suka buɗe a 2001, layinsa ya haura kilomita 15, mutane na biyan kuɗi su shiga kallo. Ya ce ga inda ake yi. Na kalla, na jinjina musu. Ba su da Dilimi dai.

Abin da ya rage mana yanzu ba katako ba ne, shaidu ne. Wanda yake da shekara goma lokacin da aka rufe layin nan, yau ya haura 75. Muna so mu yi tasha, amma Baba bai tuna ko rufinta kwano ne ko ciyawa ba, abokinsa kuma ya ce ya danganta da wace tasha. Har yanzu wurin fili ne, an zana shi da alli. Duk wanda ke da kaka ko kakan da ya taɓa hawa jirgin Zariya, ko ya yi talla a tashar Jengre ko Rahama ko Kudaru, ko yake da tsohon hoto ko tikiti a ƙasan adaka, don Allah ya yi mini magana. Ba sai an wahalar da tsoho ba, mu za mu je da yaran da littafinsu.

Ɗakin a buɗe yake kowace Asabar bayan La'asar. Wanda zai zo da ƙaramin yaro ya riƙe masa hannu, banis ɗin rafin bai gama bushewa ba.